Na buga git reset --hard cikin barci, aikin kwana uku ya ɓace

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min. Ina gina wa kawuna shafin sayar da atamfa, ina amfani da Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aiki. Jiya wajen ƙarfe ɗayan dare shafin biyan kuɗi ya rikice, ina gyangyaɗi na buga `git reset --hard HEAD~3`. Da safe na duba, ashe cikin komit ukun da umarnin ya janye (komit shi ne kowane canjin da na adana a Git) har da wanda na saka hotunan kaya da farashinsu. `git log`, mai jera komit, bai nuna su ba. Kuma ban tura komai GitHub (shafin ajiye kwafin aiki a intanet) ba, data ta ƙare min. Shi ke nan sun tafi?

Yaya Mai Lissafi: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, suna nan. Mutane na ɗaukar reshe (branch, wato layin aikin da kake kai) kamar buhun da ake zuba komit a ciki, alhali alama ce kawai. Buɗe `.git/refs/heads/main` ka gani: layi ɗaya ne, haruffa da lambobi 40, wato sunan komit ɗin da reshen ke nunawa. Abin da ka yi jiya, alamar ka tsige ka mayar baya taki uku. Shi kuwa `git log` daga inda alamar take yake bin sawu zuwa baya, to ina zai ga abin da ke gabanta?

Buga `git reflog`, zai jera maka wuraren da ka tsaya a baya. Layin da ke ƙarƙashin na reset ɗin shi ne inda kake kafin ka yi ɓarnar. Kwafi lambarsa, sai `git branch ceto` ka liƙa lambar. Na fi son sabon reshe a kan sake wani reset, hannun da ya firgita bai iya gyara ba. Kada ka yi sanya, irin waɗannan komit da aka bari a baya kwana 30 Git ke riƙe su kafin ya iya sharewa.

Bazazzagi: Gaskiya ne. Amma duk abin da ka gyara ba ka yi masa komit ba, `--hard` ya cinye shi, reflog bai san da zamansa ba. Da `--soft` ka sa, alamar kaɗai za ta matsa, fayilolinka ko gezau. Ni sai da na rasa babi guda na aikin kammala digiri kafin na koyi wannan.

Ɗan Kurna: Alhamdu lillahi, Yaya, hotuna sun dawo! Launin da na canza wa maɓallin oda ne kawai ya tafi, ban yi masa komit ba. To da na riga na tura GitHub fa?

Yaya Mai Lissafi: Da sai `git revert`. Sabon komit yake yi ya warware tsohon, alama ta ci gaba, ba ka janye wa abokan aiki tabarma ba. Ka gai da kawu.