Wai ina iyakar lasisin ma'aikacin walwalar jama'a take?

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu gogewa ku taimaka min. Ina da mastas a aikin walwalar jama'a da lasisi, amma ba na bangaren kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ba, har yanzu ina ƙarƙashin mai duba aikina. To a inda nake aiki oga yana so in riƙa rubuta sunan cutar mutum a fayil, wai damuwa ce ko firgici, don inshora ta biya, ni kuma a iya sanina tantance cuta sai mai babban lasisi, wato na bangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, nawa dai sauraro ne da shawara da haɗa mutum da inda zai samu taimako. Rubuta magani kam ban isa ba, wannan na likita ne.

Na karanta dokar hukumar lasisinmu, kalmar "kimantawa" (wato auna halin da mutum yake ciki) ce kawai a ciki, ba ta fayyace komai ba. Idan na rubuta sunan cutar, mai duba aikina kuma ta sa hannu a ƙasa, ya halatta? In an kai ƙara lasisin wa za a ƙwace, nawa ko nata?