Shawarar masu karatu kan soyayya a manga da manhwa

A wata tattaunawa da masu karatu suka yi kan labaran soyayya, mahalarta sun yaba wa manga, wato labaran zane na Japan, kan natsuwa: sai a cika shafi da kallo ɗaya ko hannu mai rawa, ka gane abin da ke zuci. Manhwa, takwararta ta Koriya ta Kudu, da ake bi a waya mako-mako, launinta na jan ido, amma takan ja zance har a gaji.

Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya, ni ma haka, shi ne saurayin da ke fizgar budurwa yana raba ta da ƙawayenta, a ce wai so ne. Sun ce a guji irinsa. Mai son ganin zaman masoya bayan an daidaita, ya nemi josei, wato manga da ake yi don manyan mata.