Sandar labulen shagona tana juyawa amma fallayen sun ƙi motsi, a taimaka min da shawara

Maman Ikram, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin kan labulen windo na zamani nake nema, irin mai siraran fallaye na aluminiyam a kwance, wanda ake murɗa wata sandar roba ya buɗe ko ya rufe. Ina da shagon ɗinkin mata a Mabera, windo biyu, duka yamma suke kallo. Duk wanda ya yi bazara a Sakkwato ya san me ke nan. Daga ƙarfe biyu har la'asar sakaliya rana a kan kekunana take sauka, kan keke ya ɗau zafi har ba a iya dafa shi, atamfar da na rataye kusa da windo kuma gefe ɗaya ya koɗe. Shi ya sa shekara biyu da suka wuce na sa aka kafa min su, kuma na ji daɗinsu ƙwarai, domin ina karkata su haske ya shigo in ga ramin allura, amma mai wucewa ba ya ganin matar da nake aunawa.

To tun cikin hunturun nan na dama ya fara tauri, sai an sa ƙarfi yake juyawa. Yarinyar da ke koyon aiki a wurina ta ɗiga masa man keke ta ramin da sandar ta shiga. Ya yi laushi kamar sati biyu, sai ya dawo ya fi da tauri. Ranar Talata na murɗa na ji ƙas, tun daga nan sandar ke juyawa tana ƙar-ƙar-ƙar, fallayen ko gezau. Na hagu kuma babu ƙara babu tauri, sandar tana juyawa kamar ba a haɗe take da komai ba. Igiyar ɗagawa da saukewa lafiyarta lau a duka biyun.

Na kira wanda ya kafa min. Ko hawa bai yi ya leƙa ba, ya ce ba a gyara su, sai dai sabo, kuma kuɗin da ya kira ya kai ɗinkin kala takwas. Yanzu zani na maƙala a windon, shagon ya yi duhu, ga ɗinkin sallah ya fara shigowa. Abin yana damuna. Shin gaskiya ne ba a gyarawa? In ana yi, me zan saya, kuma me zan ce wa mai shago?

Mai Aluminiyam, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ana gyarawa, kada ki yar da su. Aikina ne windo da ƙofa, kuma irin wannan yana zuwa hannuna duk ƙarshen hunturu. Bari in fara gaya miki abin da ke cikin dogon akwatin ƙarfen nan na sama, in kin gane shi da kanki za ki gano ciwon.

Sandar da kike murɗawa a maƙale take da ƙugiya. Ƙugiyar tana juya wani gajeren abu mai zare kamar na sukuru, shi kuma zaren yana tura haƙoran wata 'yar giya, wato ɗan faifai mai haƙora. Su biyun suna cikin wani ɗan gida na roba ko ƙarfe da bai wuce girman akwatin ashana ba. A tsakiyar giyar akwai rami, ta nan siririn rodi ya ratsa ya bi tsawon akwatin daga wannan kai zuwa wancan. A jikin rodin akwai wasu abubuwa kamar kwarkwaron zare, biyu ko uku gwargwadon faɗin windo, kuma a kansu aka ɗaure igiyoyin nan masu kama da tsani da fallayen ke kwance a kai. In rodi ya juya, igiyar gaba ta hau ta baya ta sauka, fallaye su karkata. Shi ke nan aikin. Wannan zaren mai kama da sukuru shi ne dalilin da ya sa in kin saki sanda fallayen ke tsayawa inda kika bar su: shi yana iya juya giya, giya ba ta iya juya shi. Igiyar ɗagawa hanyarta daban ce, shi ya sa take aiki abinta.

Yanzu ki sa a riƙe miki benci ki hau, ki haska fitilar waya cikin akwatin ta sama, yarinyarki ta murɗa sanda kina kallo. In ƙugiyar ma ba ta juyawa, to nan ƙasa ne matsalar. In tana juyawa rodi ba ya motsi, ko haƙoran giya sun cinye ko rodi ya zame daga raminsa. In rodi na juyawa amma gefe ɗaya kawai ke karkata, igiyar tsani ce ta kuɓuce daga kwarkwaronta.

Daga bayaninki, na dama haƙora ne suka tafi, ƙar-ƙar ɗin nan kukan zare ne yana tsallake gibi. Na hagu kuwa ina kyautata zaton rodi ne ya zame, wannan ko sisi ba za ki kashe ba.

Inna Mai Kayan Ɗaki, Rijiyar Ɗorawa:
Ɗiyata, ni shawarata daban ta. Wanga abu ba na ƙasarmu ba na. Mu da munka tashi asabari aka sakewa a ƙoha, iska na shiga, rana ba ta shiga, in ya yi ƙura a kakkaɓe. Ke da kike da keke ga hannu, ɗinka labulen yadi mai kauri ki huta da wahala.

Maman Ikram, Mabera:
Inna na gode, Allah ya ƙara girma. Na gwada yadin kafin in sa waɗannan. Matsalarsa in na saki duhu, in na yaye tsirara, babu tsakiya. Ɗinkin baƙin leshi a cikin duhu shi ya fara taɓa min ido. Asabarin dai zan duba in sa ta waje, don ya tare zafin tun kafin ya iso gilashi.

Baban Sadiya, Arkilla:
Ni a ganina ba sai an kai ga cire komai ba. Man keke ya yi ruwa da yawa ne. Ki sa giris mai kauri irin na masu babur, zai daɗe.

Mai Aluminiyam, Gawon Nama:
Alhaji, da girmamawa, a nan ban bi ka ba. Man nan ma shi ya ƙarasa giyar. Akwatin sama a buɗe yake ba murfi, ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu a ciki take kwana. Busasshiyar ƙura ana hure ta ta fita. In ta haɗu da mai sai ta zama kwaɓi, ta cike tsakanin haƙora, mutum ya ƙara ƙarfin murɗa, robar da zafin sama da digiri 40 ya riga ya gasa ta karye. Giris zai fi man keke riƙe ƙura. Kuma haƙorin da ya riga ya gutsure babu man da zai mayar da shi. In dole sai an sa wani abu, a goge wurin da tsohon burushin haƙori, a kankare bakin fensir a zuba garin, ko a fesa ɗan silikon kaɗan, shi yana bushewa.

Baban Sadiya, Arkilla:
To Malam, kai ne mai sana'a. Na karɓa. Ni ma ashe nawa na falo sai na je na goge.

Anti Nas, Runjin Sambo:
Maman Ikram, gyara dai a yi, amma ni abin da ya tsaya min a rai igiyar nan ce ta ɗagawa. Shagon mata ba ya rabo da yara. In an ɗaga labule igiyar tana sauka har kusa da ƙasa, yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya yana iya sa wuyansa a ciki, kuma shaƙewa ba ta da ƙara, uwa tana can tana zaɓen yadi. Ki sa a buga miki ƙusa biyu a sama inda hannun yaro ba ya kai, kullum a naɗe igiyar a kai. In ƙarshenta a ƙulle yake ya yi zobe, a kwance shi.

Maman Ikram, Mabera:
Anti wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba, ga Ikram a nan take wuni. Yau ɗin nan za a buga. Malam, na hau na duba kamar yadda ka ce. Na hagu rodin ya ja baya, akwai tazara kamar faɗin yatsa tsakaninsa da gidan giyar. Na dama kuma na ga ɓarɓashin farar roba cikin baƙin mai. Yaya zan yi?

Mai Aluminiyam, Gawon Nama:
Madalla. Na hagu tukuna. Ki daidaita fallayen da hannu su kwanta, ki tura rodin a hankali zuwa ramin giyar. In ya ƙi shiga kada ki buga, ki ɗan murɗa sanda kaɗan-kaɗan har bakin ramin ya dace da bakin rodin, zai faɗa da kansa. Don kada ya sake zamewa, ki naɗa salatif mai kauri a jikin rodin dab da mazaunin kwarkwaro na ɗaya ƙarshen, ta yadda ba zai sami hanyar ja da baya ba.

Na dama sai an sauke shi. Ki ja igiya fallaye su tattaru a sama, ki buɗe maƙalan da ke riƙe da akwatin, mutum biyu su sauko da shi a kan teburin yanka. Ki kula, bakin ƙarfen yana yanka, kuma fallen aluminiyam in ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Ki cire sandar daga ƙugiya, ki cire murfin gefe, ki ja rodin baya kaɗan har ya fita daga giyar. Kada ki zare shi gaba ɗaya, in ya fita daga kwarkwaron sai kin sha aikin jera su. Daga nan gidan giyar zai ɓalle in kin tura shi sama da yatsa ko bakin sukundireba.

Shi za ki saka a jaka ki tafi da shi. Kada ki dogara da suna, kowa da abin da yake kiransa, kuma kada ki dogara da hoto. Abu uku za ki duba. Ramin tsakiya: wani mai kusurwa shida ne, wani huɗu, wani zagaye ne da gefe ɗaya a shafe. Girman akwati: na fallaye masu faɗin milimita 25 daban, na milimita 50 daban. Sai kuma na sanda ne ko na igiya. Ki fara da masu sayar da labule a Babbar Kasuwa. In ba su da shi sabo, ki tambayi masu kafawa ko suna da tsohon labulen da fallayensa suka lalace, sau da yawa giyarsa lafiya take. In kin sami mai haƙoran ƙarfe, shi za ki ɗauka ko ya fi tsada.

Kuma a kiyaye abu ɗaya bayan gyara: kada a murɗa sanda alhali labule yana tattare a sama, kuma in fallaye sun rufe a tsaya. Ƙarin murɗawar nan ta "bari ya rufe sosai" ita ke cin haƙora.

Sakatariya, Tudun Wada:
Malam, a yi haƙuri in shigo da tawa. Na ofis ɗinmu masu tsayuwa ne, dogaye, ana jan sarƙa mai ƙwallaye. Guda uku sun juya baya sun bar sauran.

Mai Aluminiyam, Gawon Nama:
Malama, naki kowane falle da 'yar giyarsa a maratayinsa, rodi ɗaya ke juya su duka. Ki ja sarƙar har ƙarshe, ki ƙara ja a hankali, za ki ji ƙat-ƙat, sannan ki ja ta ɗaya ɓangaren haka. Yawancinsu an yi su ne su daidaita kansu ta wannan hanya. In kin ji ya cije sosai ki tsaya. Wanda ya ƙi dawowa, maratayinsa ne ya fashe, shi kaɗai za a canza. Abin da ke jawo shi, ana zuge su gefe alhali a rufe suke. A buɗe su tukuna su tsaya da gefensu, sannan a zuge.

Tsohon Malamin Makaranta, Minanata:
'Yata, ƙari kaɗan kan karkatawa tunda shagonki a ƙasa yake bakin hanya. Ki juya su yadda bakin da ke wajen gilashi zai yi ƙasa, na cikin ɗaki ya yi sama. Ranar da ke saukowa daga sama za ta bugi bayan falle, mai wucewa kuma in ya leƙa silin kawai zai gani. In kika juya akasin haka, kin buɗe wa rana hanya har kan kekenki. Da magariba kuwa in kin kunna fitila ki rufe su ruf, don a lokacin na waje ne ke ganin na ciki.

Maman Ikram, Mabera:
'Yan uwa na dawo da labari. Na hagu ya tashi tun ranar, rodin ya shiga da ɗan ƙas, na naɗa salatif. Na dama na sauke shi ni da yarinyata bayan azahar. Kuskure ɗaya na yi: ranar farko na aiki ƙanena da hoto kawai, ya kawo mai rami mai kusurwa huɗu alhali nawa mai shida ne. Jiya na tafi da kaina da tsohon a ƙullin leda, na sami na jikin wani tsohon labule a wurin masu kafawa, na dudduba haƙoran a rana ɗaya bayan ɗaya kafin in biya. Kuɗin bai kai ɗinkin siket ɗaya ba. Na goge akwatin tas, ƙurar da ta fito ta cika murfin gwangwanin madara, na zuba garin fensir, na mayar. An buga ƙusoshin Anti Nas. Baba, na karkata su yadda ka ce, yau ƙarfe uku na zura zare a allura ba tare da kunna fitila ba.

Malam, saura tambaya ɗaya. Fallaye biyu na ƙasa sun lanƙwashe lokacin saukewa, ana iya cire su?

Mai Aluminiyam, Gawon Nama:
Ana iya, Hajiya. Ki duba ƙarƙashin ƙarfen ƙasa, akwai 'yan murafun roba, igiyar ɗagawa a nan aka ƙulle ta. Ki kwance ƙullin, ki zare igiyar sama ta wuce fallayen biyu, ki fitar da su ta gefe. In labulen ya fi windon tsayi, akwai rarar fallaye a tare a ƙasa, ki ɗauki biyu daga ciki ki cike gurbin. Wajen mayar da igiya ki tabbata ta bi ramin kowane falle, kuma ƙulli biyun su zo tsayi ɗaya, in ba haka ba zai riƙa hawa a karkace.