Aikin sa kai da yaran 'yan gudun hijira a Chadi: ta ina zan fara?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gama sakandare bana, ina koyar da yara a Islamiyyar unguwarmu da yamma. Ina son in tafi gabashin Chadi wata uku in yi aikin sa kai da yaran Sudan da yaƙi ya koro. Ina jin Hausa, Fulatanci da Faransanci, Larabcina kuwa na littafi ne. Wani ya ce in tura masa jaka 50 ya sa sunana a wata ƙungiya. Waɗanne takardu ake nema, wane aiki ake yi da yaran, kuma yaya mutum yake samun abokan zama inda bai san kowa ba?

Malama, Marwa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka tura ko dala. Ƙungiyar gaskiya ba ta karɓar kuɗi kafin ta ɗauki ɗan sa kai, hasali ma ita ke ba shi ɗan abin mota da na abinci. Kuma ba a shiga sansani haka nan da jaka a kafaɗa. A Chadi hukumar gwamnati mai kula da 'yan gudun hijira, CNARR, ce ke riƙe da sansanonin tare da HCR, takwararta ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sai da sunan ƙungiyar da aka sani za a bar ka ka matsa kusa da yara. Hanya mafi kusa ita ce ka yi rajista a reshen Croix-Rouge na garinku, ka yi horon taimakon gaggawa, ka yi aiki da su 'yan watanni, ka karɓi takardar shaida. Shirin 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, ma yana ɗauka daga shekara 18, ana cikewa ta intanet kyauta.

Takardu: fasfo, ko da yake Kamaru da Chadi duk a ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ta CEMAC suke, ba ka bukatar biza a zaman da bai wuce kwana 90 ba, katin rigakafin shawara, casier judiciaire, wato takardar da ke nuna ko an taɓa yanke maka hukunci, bulletin n°3 daga kotu, wanda wata uku kawai yake aiki, don haka kada ka ciro shi da wuri, sai wasiƙar ƙungiyar da ta gayyace ka. Ka yi wa kowace kwafi biyu, ka bar ɗaya a gida.

Amma ka sake duba inda ka zaɓa. Waɗanda suka tsallako Adire, garin kan iyakar Chadi da Sudan, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 yawancinsu 'yan ƙabilar Masalit ne daga wajen Janaina a Darfur, ƙananansu da Masalit suke magana, manya su haɗa da Larabcin yankin. Faransancinka a ofis kawai zai yi amfani. A sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola a yankin tafkin Chadi, da Minawawo kusa da Mokolo a nan Kamaru wanda aka buɗe a 2013, mutanen Najeriya ne, Hausarka za ta yi aiki tun ranar farko. Yaron da ya firgita yana son wanda zai ji kukansa ba tare da tafinta ba. Ni shawarata ka fara da ɗaya daga cikinsu.

Aikin kansa a rumfar wasa ake yi, wadda ake kira espace ami des enfants. Ana raba yara bisa shekaru, 'yan 5 zuwa 9 daban, 'yan 10 zuwa 12 daban, manya biyu ga yara kamar 25, zama na awa biyu. A buɗe da waƙa iri ɗaya kullum, a kira suna, a yi wasan gudu ko ƙwallo, a zauna zane, a wanke hannu da sabulu, a rufe. Wannan maimaicin shi ne maganin: yaron da komai nasa ya wargaje yana samun natsuwa idan ya san abin da zai biyo baya. Shi ya sa fashi ya fi komai ɓarna, a ce an zo jiya, yau rumfa a rufe.

Akwai dokokin da za ka sa wa hannu. Ba ka keɓewa da yaro ɗaya, ko raka shi banɗaki ne sai da wani babba. Babu bulala, babu tsawa, kuma ka lura da wannan tunda daga Islamiyya za ka fito, hannu ya saba. Idan yaro ya zana bindiga ko gida yana cin wuta, kada ka tsare shi da tambaya, ka ce ya gaya maka abin da ya zana in yana so, in ya yi shiru ka ƙyale shi. Idan ya faɗa maka wani yana taɓa shi ko yana dukansa, kada ka yi alkawarin rufe maganar, kada kuma ka je ka tunkari mutumin. Ka kai wa jami'in kare yara a ranar.

Ma'aikacin lafiya, Kusiri:

Malama ta gama magana kan takardu. Abin da zan ƙara: kai ba likita ba ne, amma idonka ne zai fara ganin yaron da ke ramewa, musamman ƙannen da 'yan mata ke zuwa da su a goye.

Ka koyi awon damtse da zaren nan mai kala uku, na yara daga wata 6 zuwa 59. Hannun hagu, tsakiyar damtse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake. Ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti yau. Ruwan ɗorawa, 11.5 zuwa 12.5, a sa shi a shirin ƙarin abinci. Kuskuren sababbi biyu ne: su matse zaren sai lafiyayye ya fito ja, ko su bar shi sako-sako mai ciwo ya wuce. Sannan ka danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa daƙiƙa 3. In ramin ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne ko da zaren ya nuna kore, kuma iyaye kan ɗauka ƙiba ce.

Gudawa: fakitin SRO ɗaya, wato garin gishiri da sukari na asibiti, a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri. Gishiri ya yi yawa, cutar da yaron zai yi. A ba shi kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba, abin da ya kai awa 24 a zubar. Plumpy'Nut kuma, abincin gyaɗa na masu tamowa, magani ne na wanda aka rubuta wa, ba a raba shi da 'yan'uwa.

Kai ma ka kula da kanka. Allurar shawara sai ta kwana 10 katin yake fara aiki. Ka yi ta sankarau in tafiyar ta faɗa a rani. Gidan sauro naka na kanka. Ruwa ka tafasa ko ka sa ƙwayar kulorin ka jira minti 30. A 2024 ciwon hanta na gurɓataccen ruwa ya ɓarke a yankin Adire. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, daga Yuli zuwa Satumba kuma koramun da ake kira wadi kan cika su datse hanyar gabas, mota ta kwana a bakin ruwa.

Dattijo, Njamena:

Yaro, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Da ka haye gadar Ngeli daga Kusiri zuwa Njamena ka sayi layin Airtel ko Moov, ka kira mahaifiyarka. Kuɗinmu ɗaya ne, amma da riyal ake lissafi a kasuwa, riyal ɗaya dala ce, wato faran 5. Aka ce maka miya, 500 ke nan.

Abokai kuwa, zumunta a ƙafa take. Hausawa sun zauna a kan tsohuwar hanyar alhazai tun daga nan har Abeshe da cikin Sudan, da wuya ka rasa namu. Ka nemi sarkin Hausawa ko limamin unguwa ka gabatar da kanka, ka riƙa sallar magariba a masallaci ɗaya, cikin mako guda za a fara cigiyarka in ba a gan ka ba. Sai dai kada ka maƙale a cikinmu kawai. Abokan aikinka na gaske su ne matasan sansanin da ke jan wasa, su suka san gidan kowane yaro. Ka ci esh da mulah, wato tuwo da miya, tare da su a tire ɗaya, an miƙo shayi ka zauna ka sha, kada ka sha a tsaye. Ka riƙe kalma biyar ta Larabcin Chadi kullum, kamar su: afe, lafiya; almi, ruwa; iyal, yara; usmak yatu, yaya sunanka. An yi rasuwa ko suna a gidan abokin aiki, ka je. Maganar ƙabila da wa ya fara yaƙi, ka saurara ka kame bakinka, akwai wanda aka kashe masa mutum goma a cikin masu zaman.

Ɗan Garwa:

Na gode Baba, na gode Malama. In na shaƙu da wani yaro maraya, ba laifi in riƙa saya masa takalmi ko in ɗauki hotonsa in nuna a gida?

Malama, Marwa:

A'a ƙanena, duka biyun. Takalmi ɗaya a cikin yara 25 yana jawo wa mai shi duka da hassada, kuma yana koya masa cewa babban da ya ba shi kyauta yana da iko a kansa, ta nan mugaye ke shiga. Abin da kake da shi ka ba shugaban rumfa a sayi ƙwallo ko fensir na kowa. Hoto kuma sai da izinin iyaye da na ƙungiya, ba a sa fuska da suna da sansani a Facebook, domin akwai iyalan da ake nema.

Wata ukun ma ni ina ganin ya yi kaɗan, in da hali ka mai da shi shida, don watan farko a koyon sunaye yake ƙarewa. Yaran nan sun riga sun rasa mutane ba sallama, kada ka zama wani da ya ɓace. Tun ranar farko ka ce musu kai baƙo ne, za ka koma. Saura mako biyu ka faɗi ranar, ku riƙa ƙirgawa tare a allo. A makon ƙarshe ka bar abokin aikinka ɗan sansanin ya riƙa jan waƙar buɗewa kai kana gefe, ka damƙa masa littafin sunaye da bayanin wanda ke tsoron ƙara da wanda ke zuwa da yunwa. Kada ka ce za ka dawo ko za ka aiko da waya. Lambarka ka ba manya.