Ɓarawo ne ko mai cin hanci? Muhawara kan magajin garin New Orleans bayan guguwar Katrina

Mazaunin Houston: Assalamu alaikum. Jiya na dawo daga birnin New Orleans na Amurka, kuma har yanzu hankalina bai kwanta ba. Wani abokin aikina ya kai ni unguwar Lower Ninth Ward, ya nuna mini inda gidan mahaifiyarsa yake kafin guguwar Katrina ta 29 ga Agusta, 2005. Babu abin da ya rage sai matakalar siminti mai hawa uku wadda ciyawa ta kusa binnewa, in ka hau ta babu ƙofar da za ka shiga. Ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin, na yarda, amma ina nan a kan bakana cewa shugabannin gari ne suka hana unguwar nan farfaɗowa, domin lokacin da talakawa ke kwana a tirelolin agaji, ɓarawon magajin garinsu, Ray Nagin, yana can yana karɓar na goro a hannun 'yan kwangila.

Tsohon Akawun Kotu: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka janye kalmar ɓarawo. A watan Fabrairu na 2014 kotun tarayya ta same shi da laifi a tuhuma 20 daga cikin 21, wato rashawa da zamba da halatta kuɗin haram da ƙarya a takardun haraji, aka ɗaure shi shekara 10. Duk cikinsu babu tuhumar sata, kuma shari'a da kalma take aiki.

Malamar Sakandare: Baba, tare da girmamawa, wannan bambanci na cikin kotu ne kawai. Ɗan kwangilar da ya aika da manyan motoci cike da dutsen giranit kyauta zuwa kamfanin Stone Age na Nagin da 'ya'yansa, daga ina zai fanshe kuɗinsa in ba daga kwangilar gyaran birni ba? Wanda ya buɗe wa ɓarawo ƙofar rumbu ya karɓi kasonsa, ni ban san sunan da ya dace da shi ba sai wannan.

Tsohon Akawun Kotu: Malama, ko a fiƙihu hukuncin sata daban, na rashawa daban. An la'anci mai bayarwa da mai karɓa, amma ba a ce a yanke musu hannu ba.

Ɗalibin Tarihi: Ni mamaki nake yi yadda kowa ya sa Nagin a gaba kamar shi ya gina katangun tare ruwan da suka ɓalle. Sashen injiniyoyi na rundunar sojan Amurka ne ya tsara su ya gina su, aikin gwamnatin tarayya ne. Michael Brown, shugaban hukumar agaji ta FEMA a zamanin Bush, murabus kawai ya yi ya koma gidansa, amma baƙar fatan nan shi aka tura kurkuku. Ku yi tunani a kan wannan kafin ku ce ɓarawo.

Malamar Sakandare: Ɗana, launin fata ba ya wanke hannu. Yawancin waɗanda suka cika filin wasa na Superdome cikin zafi da ƙishirwa baƙaƙe ne irinsa, kuma umarnin dole na ficewa daga gari bai fito daga ofishinsa ba sai ana gobe guguwa za ta sauka, ga motocin bas na makaranta jere a cikin ruwa ba a kwashe kowa da su ba.

Direban Tirela: Ai shi ne wanda aka samu dala 90,000 a cikin firinjinsa, ko ba haka ba?

Tsohon Akawun Kotu: A'a, Malam, wancan William Jefferson ne, ɗan majalisar wakilai, kuma an gano kuɗin ne makonni kafin guguwar. Kun ga abin da nake gudu ke nan: da zarar an saki kalmar ɓarawo, sai a jibga wa mutum kayan kowa.

Direban Tirela: Ranka ya daɗe, gyara na karɓa, amma ban ji daɗin yadda ka mai da ni misali ba.

Mazaunin Houston: Jama'a, ni maganar gidan tsohuwar nan na kawo. Shirin Road Home na taimaka wa masu gidaje su sake gina gidajensu ya riƙa auna tallafi da darajar gida kafin guguwa, ba da kuɗin da gyara zai ci ba, shi ya sa masu gidaje a unguwannin talakawa suka samu abin da bai isa aza rufi ba. Babu wanda ya tanka wannan.

Ɗalibin Tarihi: Yaya, shirin nan na jihar Louisiana ne, ba na magajin gari ba. Da bakinka ka wanke Nagin.

Malamar Sakandare: Bai wanke shi ba, ya dai nuna cewa ɓarayin suna da yawa.

Tsohon Akawun Kotu: Tun da ni na fi kowa shekaru a nan, bari in tattara. An amince cewa kotu ba ta kama Nagin da sata ba, saboda haka kalmar ɓarawo ta faɗi. Ɗalibinmu ya kawo hujja mai nauyi game da katangun ruwa, Malam Direba ya karɓi gyara. Abin da Malama ta kawo zafin zuciya ne wanda muke girmamawa, amma ba ya tsayawa a gaban alƙali. Batun Road Home kuwa a buɗe masa zance na daban.

Malamar Sakandare: Baba, ban amince da komai ba, kuma dutsen giranit ɗin nan ba ka ambace shi a tattarawarka ba.