Wai jirgin da ke kai kaya Antatika shata ne?

Ɗan Jekadafari:
Slm jama'a. Jiya a majalisa wani yaro ya ce wai Amurka duk kuɗinta shatar jirgin ruwa take yi ya kai wa mutanenta abinci can ƙarshen duniya cikin ƙanƙara, ni dai na ce ƙarya ne, ƙasa mai jiragen yaƙi birjik ce za ta ɗauki haya? Masu sani ku raba mana gardama.

Baban Ummi:
Alhaji yaron nan ya fi ka gaskiya fa. Sansanin masu binciken Amurka da ke Antatika sunansa McMurdo, tun 1956 yake nan, kuma jirgin 'yan kasuwa ake ɗauka irin su Ocean Giant, sashen sufuri na sojan ruwansu ke yin shatar. Yana lodi a Port Hueneme a Kalifoniya, ya yada zango a Lyttelton ta New Zealand, sai wajen Janairu ko Fabrairu ya isa, lokacin da hunturu ke kaɗa mu a Gombe su kuma lokacin ne ƙanƙararsu ke sassautawa, rana ma ba ta faɗuwa. Duk da haka sai jirgin fasa ƙanƙara mai suna Polar Star ya shiga gaba ya buɗe masa hanya. Sau ɗaya ne fa a shekara, wa zai sayi jirgi ya ajiye saboda sawu ɗaya?

Direban Bajoga:
Wlh haka ne, ko mai gini ba ya sayen tirela don siminti lodi ɗaya daga Ashaka. Ni abin da ya dame ni dawowar, wayam yake dawowa? Don mu kam in ba ka samu lodin dawowa ba kuɗin gas ya cinye ka.

Baban Ummi:
Ina, cike yake dawowa Oga, amma da shara. Akwai yarjejeniyar Madrid ta 1991 kan kare muhallin Antatika da ta ce a riƙa kwashe dattin, to bola da tsofaffin ƙarafa duk a kwantena ake zubawa, har da ƙanƙarar da masu bincike suka haƙo a kai ta gida a auna. Mai kuma jirgin dakon mai daban ke kawowa.

Ɗan Jekadafari:
To na sha ƙasa, shayin yau ni zan biya. Amma Malam ka ce rana ba ta faɗuwa, in Musulmi na cikin ma'aikatan jirgin nan yaya zai yi da magariba?