Muna son sayar da gidan gado amma ɗan haya ya ƙi tashi, mene ne mafita?

Assalamu alaikum. Don Allah lauyoyi da masu gidajen haya, ku ba ni shawara.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a Kano, mu magada kuma mun yi shawarar sayarwa a raba. Dillali ya kawo mai saye, amma sharaɗinsa a ba shi gidan babu kowa a ciki. 'Yan haya biyu sun tashi lafiya lau. Na ukun, mai iyali ne da ke biyan kuɗin shekara, ya ce ba inda za shi. Babu wata yarjejeniya a rubuce tsakaninsa da marigayi, sai rasit na hannu. Mun je wurin mai unguwa, ya yi masa magana, shiru.

Abin da na ji shi ne mai hayar shekara ana ba shi notis na wata 6, in ya cika bai fita ba a ƙara masa na kwana 7, sannan a tafi kotu. To wa zai sa hannu a notis ɗin tunda ba a raba gadon ba tukuna? Kuma kuɗinsa ya kusa ƙarewa, ya kawo na wata shekarar, ban karɓa ba. In na karɓa, notis ɗin ya lalace ke nan?

Yayanmu ya dage a yanke masa wuta a cire kwanon ɗakin. Ni dai na ƙi, da yara ƙanana a ciki, kuma mu za a kai ƙara. Shin doka ta yarda mu sayar yana ciki, mai sayen ya gaji hayar?